Tsutsar lemun tsami: a kashe ta ko a shuka mata abinci?

Tambaya daga wata malamar lakol a Harobanda, Yamai:

Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Muna da ƴar garka a bayan gida da lemun tsami guda biyu, bara na ga wasu tsutsotsi kamar kashin tsuntsu suna cin ganyen sai na fesa masu magani duk suka mutu, daga baya wani ya ce min wai su ne ke zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya da ɗiyana ke so sosai. Abin ya dame ni wallahi. Wane itace na ƙasarmu zan shuka don su dawo, kuma kar su kashe min lemuna?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya, na ji daɗinta ƙwarai don yawanci abin da ake tambayata shi ne wane magani ya fi kashe su da sauri.

Wanda ya gaya miki gaskiya ya faɗa. Sunanshi a wajen masana Papilio demodocus, yana ko'ina a Afirka kudu da Sahara, in ya buɗe fukafukai yakan kai santimita 9 ko 10, baƙi da ɗigo-ɗigon rawaya, a fiffiken baya akwai wasu tabo kamar idanu masu shuɗi da ja. Danginsu da yawa suna da ɗan wutsiya a fiffike irin na tsattsewa, to shi namu ba ya da ita, kar ki tsaya neman wutsiyar ki ce ba shi ba ne.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne fure ba ya haifar da malam-buɗe-littafi. Mutane suna cika gida da furanni suna jira, eh zai zo ya sha ruwan furen ya wuce abinshi, amma uwar ba ta ajiye ƙwai sai a kan ganyen da ɗiyanta za su iya ci, kuma ɗiyan nan ba kowane ganye suke ci ba, ko ki ɗora su kan zogale ko mangoro yunwa za ta kashe su suna zaune a kai. In kin lura da ita tana zagaya itace tana sauka tana ɗan bubbuga ganye da ƙafafun gaba, ɗanɗanawa take, da ƙafa take gane ganyen. In ya yi mata sai ta lanƙwasa ciki ta manna ƙwai guda ɗaya tak, ɗan mulmulalle fari-fari kamar ƙwayar gero, a kan tofo sabo mai laushi, ta tashi ta nemi wani.

Cikin kwana 4 zuwa 6 ya ƙyanƙyashe. Wannan kamar kashin tsuntsu da kika gani ita ce ƙaramar, kuma dabara ce Allah ya ba ta, tsuntsu ba ya waiwayar kashinshi. Tana saɓa sau huɗu tana girma, a na ƙarshe sai ta koma kore shar mai kauri kamar ɗan yatsa, har mutum ya ɗauka wata tsutsa ce daban. Ki sa ɗiyanki su ɗan taɓa ta a baya da tsinke a hankali, za ta fiddo wani abu mai reshe biyu ruwan lemu daga bayan kanta kamar harshen maciji, da wari mai ƙarfi, ba ya harbi ba ya dafi, tsoratarwa ce kawai. Bayan kamar sati 3 da ƙyanƙyashewa sai ta daina ci, ta ɗaure ƙugunta da zare a jikin reshe ko bango, ta daskare cikin ƙwanso, nan ma sati 2 zuwa 3 kafin ya fito da fukafukai, in ɗari ya shigo yakan daɗe fiye da haka.

To maganar itacen ƙasarmu. Shi lemu asalinshi daga Asiya ne, kafin a kawo shi wannan malam ɗin yana rayuwa ne kan itatuwan daji dangin lemu, irin fasaƙwari wanda ake sayar da ɓawonshi wajen masu kayan yaji. Amma fasaƙwari itacen kudu ne, can wajen Benin da Najeriya inda ruwa ke da yawa, mu nan Yamai ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura 40, ba zan sa ki wahalar neman irinshi ba alhali abin da tsutsar ke so yana bayan ɗakinki. A ganina lemun tsami shi ne amsarki, sai dai ki shuka mata nata daban.

Ki samu lemun tsami nunanne ki cire ƴaƴan, ki wanke, ki shuka su a ranar ko washegari, in suka bushe sosai ba su cika tsirowa ba. A shuka a sashe, wato ƴar leda, irin na pepiniyar (wurin renon dashe) ko bido da aka yanke aka huda gindinshi, rairayi da taki ruɓaɓɓe, ba ɗanye ba, a ajiye a inuwa inda rana ke ɗan taɓawa da safe, sati 2 zuwa 3 za ki ga sun fito. Ki yi kamar 6 ko 8 don wasu ba za su yi ba. Kar ki bar tsutsa a kansu tun suna ƙanana, babbar tsutsa ɗaya tana iya tsige ɗan dashe tas cikin kwana biyu, ki bari sai sun kai gwiwa ko ƙugu sun yi rassa. Waɗannan ba don ƴaƴa kika shuka su ba, don ganye ne, shi ya sa lokaci lokaci ki datse kan wasu ki ba su ruwa, sai su yi sabon tofo, shi ne ke kiran uwar. Kuma a tsare su daga akuya, ita ta fi tsutsa ɓarna nesa ba kusa ba.

Su kuma manyan naki biyu, in sun kai tsayin mutum tsutsa 5 ko 10 ba za su yi masu komai ba, ganye ne zai ragu ya sake fitowa. Inda ake asara shi ne ƙananan girefe, wato dashen da aka yi wa aure, da aka sayo da tsada, a nan ma ba sai an fesa ba, da safe ki duba ki ɗauke ta da ganyen da take kai ki maida kan babban itace. Masu garka na bakin kogi da ke da ɗaruruwan dashe su lissafinsu daban ne kuma ban ga laifinsu ba, amma gida mai itace biyu hannu ya isa. Piya-piya kam dan Allah a bar shi, ba a yi shi don itacen da ake cin ƴaƴanshi ba, ga yara suna wasa a wurin. Ko ruwan dogon yaro da ake cewa na gargajiya ne yana hana tsutsa ci har ta mutu, in dole ne a sa shi to ban da itatuwan da kika ware mata.

In kuma ranki na son itacen daji na gaske, akwai gwandar daji, tana fitowa a kudancin ƙasar nan wajen Gaya da dajin W, ganyenta ne abincin wasu ƴan uwan wannan malam ɗin da ake kira Graphium, masu fari da baƙi. Ba zan yi miki alkawarin za su zo cikin gari ba tun da sun fi son inda ke da ruwa da daji, amma itacen kanshi ya cancanci wuri a gida. Da ƙwallo ake shuka ta, a jiƙa shi kwana ɗaya, tana jinkirin tsirowa kuma ba ta son a tumɓuke ta a dasa, gara a sa ta inda za ta zauna. Waɗanda na tabbata za su kawo miki baƙi da wuri su ne tumfafiya, tana kawo wani ja-ja mai bakin fiffike baƙi da ɗigon fari, sai dai ƙaronta na da haɗari ga ido, a sa ta can lungu nesa da yara. Tafasa da rai-ɗore suna kawo fararen nan masu ɗan kore da ke yawa da damina, anza da jiga kuma suna kawo farare masu zanen baƙi. Waɗannan malaman ba dangin na lemu ba ne amma namu ne na Sahel, itatuwan kuma ba su buƙatar ban ruwa sosai.

Ƴan furanni kamar bugenbil da ziniya su taimaka wa masu fukafukan su tsaya, sannan wani ɗan wuri mai laima kusa da pompo, mazan suna sauka kan jiƙaƙƙiyar ƙasa suna tsotsar gishiri. Za ki fi ganinsu daga tsakiyar damina zuwa kaka.

Ki shirya ma yaran zuciya tun yanzu, cikin ƙwai goma ba lalle biyu su kai ga tashi ba, ƙadangare da tururuwa da zanzaro da kaji duk suna cin rabonsu. In kuna son ku gani da idonku ku ɗauki babbar kore guda ɗaya ku sa a bokiti da ɗan reshe a tsaye, a rufe bakin da yankin gidan sauro, kullum a sa ganyen lemu sabo a zubar da kashin, a ajiye a inuwa. Ranar da ƙwanson ya yi duhu har kina hango ɗigon rawaya ta ciki to washegari da sassafe ku zauna kusa. In ya fito kar kowa ya taɓa shi, fukafukan a jiƙe suke a naɗe, yana buƙatar awa ɗaya ko biyu yana rataye kafin ku buɗe mashi ya tafi.