Tantabarun ƙanen maigida da zawon yarona

Tambaya: Slm likita, daga Tawa nake rubuto maku. Ƙanen maigidana na kiwon tantabaru a tsakar gida, ga na gari suna sauka su ci tare da su, ko ina kashi har bakin randa. To yarona ɗan shekara 2 yau kwana uku yana zawo da zazzaɓi, maƙwabciyata ta ce taifot ne wai tantabarun suka sa mai. Gaskiya ne? Ni dai wlh ina jin nauyin yi ma ƙanen miji magana.

Amsa: Wa alaikumus salam uwargida, Allah shi ba yaro lafiya. Kafin komai, zazzaɓin kwana uku ga ɗan shekara 2 ba na zaman gida bane, ki kai shi likita yau a auna shi har da maleriya, kina ba shi ruwan SRO, wato ruwan gishiri da sukari na masu zawo, kaɗan kaɗan. In kin ga jini cikin kashin ko idonshi ya faɗa to kar ma ki jira maigida ya dawo. Kuma dan Allah ban da kafso na ƴan talla.

Maƙwabciyar taki ta kama rabi ta saki rabi. Ƙwayar taifot, Salmonella Typhi, jikin mutum kaɗai take zama, tantabara ba ruwanta. Amma danginta wasu Salmonella ɗin, da Campylobacter, da wasu irin E. coli, duk ƙwayoyin cuta masu sa zawo, su kam suna zama cikin hanjin tantabara su fito cikin kashinta, ita kuwa kina ganinta garau tana tsince-tsincenta. Kaji ma haka suke, kar a ɗora mata laifin duka.

Hanyar dai baki ce. Yaro ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, ko randa a buɗe, ko kin shanya kuɓewa da gabu bisa tabarma sun bi ta kai, sai kuma wanda mutane ba su kawowa a rai, ruwan indararo na farkon damina da ya wanko kashin rani duka daga saman kwano mu kuma mu tara baho muna murna. Bayan ƙwayar ta shiga ciki, ciwon Salmonella na nunawa daga awa 6 har kwana 6, Campylobacter kwana 2 zuwa 5.

Wajen shara ki fara yayyafa ruwa da ɗan javel mai kashe ƙwayoyin cuta, busasshen kashin in ya tashi ƙura huhu yake taɓawa. Sannan wanke hannu da sabuni.

Ƙanen miji kuwa ba ke za ki tare shi ba, ki bi ta wajen yayanshi. Ba a ce ya sayar ba, a dai maida ɗakin tantabarun bayan gida nesa da madafa, hatsinsu da ruwansu ma a can.