Amsa: Yara za su iya kallon Bridge to Terabithia?

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki iya kunna wa 'yarki mai shekara 6 da yayanta mai shekara 11 wannan fim. Babban ya kalla, amma ki zauna tare da shi. Ƙaramar kam a dakata mata tukuna. Babu batsa a ciki, babu zubar da jini, kuma da ya fito a Amurka a 2007 alamar PG aka sa masa, wato iyaye su sa ido.

Inda gizo ke saƙar shi ne hoton tallan yana yaudara. Za ki zaci dodanni ne da wasa har ƙarshe, alhali masarautar da yaran fim ɗin, Jess da ƙawarsa Leslie, suke zuwa cikin daji duk a tunaninsu take, irin yadda yaranmu ke mayar da kwali mota. Can gaba sai igiyar da suke lilo da ita su tsallake rafi ta tsinke, Leslie ta faɗa ruwa ta mutu, kuma ba ta dawowa. Ni ban sani ba na kunna wa ɗana yana ɗan shekara 7, na shiga kicin. Na fito na tarar ya ƙanƙame filo yana kuka, ranar sai a gadona ya kwana. Akwai kuma wata 'yar hira da yaran fim ɗin suka yi kan Allah da shiga wuta bayan sun dawo daga coci, don haka ki shirya amsa, babban zai yi tambaya.