Tankin kifina na yoyo, bututun ya ƙi fita: wa zai biya ɓarnar?

Alhaji, na karanta saƙonka sau biyu. Ka ce wani kamfani ya haɗa maka tankin gilashi na kifin ruwan gishiri da murjani a gidan da kake haya a Abuja, lita 400, wata biyu kenan, yanzu ruwa na ɗiga ta gindin bututun da ke sauke rarar ruwa zuwa ƙaramin tankin ƙasa, har ya jiƙa silin maƙwabcinka na ƙasa, ka sa sifana notin da ke ɗaure bututun ya ƙi motsi.

To dan Allah ajiye sifanar nan tukuna. In ka matsa gilashin ya tsage, abu na farko da kamfanin zai ce a kotu shi ne kai ka fasa, kuma lita 400 na ruwan gishiri ya haura kilo 400, ba abin da za ka tara da bokiti ba ne.

Amma kar ka zauna kana kallo, doka na ɗora maka nauyin rage asara. Kashe famfon da ke mayar da ruwa sama, ka cire soket ɗin da ke kusa, ka kwashe kifi da murjanin zuwa wani mazubi da ruwansu, ka rage ruwan. Kafin ka taɓa komai ɗauki bidiyo, ka kusanto da waya sosai a ga farin gishirin da ya bushe a kan notin, a ga ko robar da ke tare ruwa tana ciki ɓangaren ruwa ko sun sa ta a waje wajen noti, don in a waje take to aikin ne aka yi ba daidai ba. A ga kuma ko sun malala gam ɗin PVC, wato gam ɗin haɗa bututun roba, a kan zaren da notin ke juyawa a kai. Wannan gam narkar da jikin bututun da notin yake ya haɗe su, ba ya kwancuwa, sai dai a yanke bututun da zarto a sa sabo.

Kan kamfanin kana da ƙarfi. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018, FCCPA, sashe na 130 ya ba ka haƙƙin a yi maka aiki mai inganci, in ba haka ba su gyara ko su mayar maka da wani kaso na kuɗin aikin. Sashe na 132 kuma ya ba ka wata uku daga ranar da aka kawo kaya ka mayar da mai aibi a gyara, a canja ko a ba ka kuɗinka, kai kuwa saura wata ɗaya, shi ya sa nake gaggawa da kai. Rubutun "ba a mayar da kaya" a jikin rasit ba ya soke wannan haƙƙin. Rubuta musu yau ɗin nan, takarda da WhatsApp duka, ka sa hotunan, ka ba su kwana 7 su zo su cire da hannunsu. In sun ƙi, kira wani gwani ya cire a gaban shaida, ya rubuta abin da ya tarar, ka adana guntun bututun da robar a leda. Daga nan ko ƙorafi wajen hukumar kare masu sayen kaya ta FCCPC ko kotu kai tsaye. Kar ka goge saƙonnin ko ka sayar da wayar, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 na da sharuɗɗa kafin a karɓi shaidar waya.

Maƙwabcinka kuwa, gaskiya kai zai nema, shi bai san kamfanin ba, daga ɗakinka ruwan ya sauko. Tun daga ranar da ka ga yoyon, duk ɓarnar da ta ƙaru saboda jinkirinka sakaci ne a kanka. Ni dai shawarata ka sauka ka same shi, ku kira mai gyara ya yi kiyasi a rubuce, ka biya ka karɓi rasit, sai ka haɗa kuɗin cikin abin da kake bin kamfanin.

Ka kuma duba yarjejeniyar hayarka, in akwai sharaɗin sanar da mai gida duk wata ɓarna to sanar da shi kafin ya ji a bakin wani. Turo min ita da rasit ɗin in duba.