Kwalliyar gadojin sama: ta ina ake farawa, kuma me ke hana ta daɗewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shagona bai fi taku ɗari daga wata gadar sama ba. Ranar da aka buɗe ta fenti na sheƙi, fitilu na haske, har da furanni a ƙasa. Yanzu ginshiƙan sun cika da fosta, furannin sun bushe, ƙarƙashinta ya zama juji da makewayi. Mu 'yan layi muna so mu haɗa kuɗi mu gyara. Wa ke tsara irin wannan aiki, ta ina ake farawa, kuma me ya sa ba ya daɗewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan niyya. Roƙona na farko shi ne kada ku sayi ko galan ɗaya na fenti tukuna. A aikin ƙawata gada fenti ne ke zuwa ƙarshe. Yawancin kwalliyar da ka ga ta lalace cikin damina ɗaya ko biyu, da shi aka fara ta.

Abu na farko, a san mai gadar. Kano ta cika da gadoji cikin 'yan shekaru, tun daga ta Ƙofar Nassarawa a zangon Kwankwaso na biyu, zuwa ta Dangi mai hawa uku da ta Hotoro a zamanin Ganduje, ga kuma ayyukan Ɗan Agundi da Tal'udu da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauko. Sai dai gada ɗaya tana iya samun iyaye da yawa. Titin na iya zama na Tarayya alhali jiha ce ta gina gadar a kansa. Lafiyar ginin tana hannun ma'aikatar ayyuka, izinin amfani da filin yana wajen hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, shara ta REMASAB ce, zirga-zirgar motoci kuma ta KAROTA. Idan ba a zaunar da waɗannan wuri guda an rubuta wanda zai riƙe me ba, kowa zai ɗauka ɗan'uwansa ne ke kula. Saboda haka takardarku ta farko ta neman izini ce, ku kai ma'aikatar ayyuka da KNUPDA da sunan ƙungiyarku, da sa hannun mai unguwa.

Daga nan sai injiniya ya duba gadar, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne gizo ke saƙar. Ka samu rana a watan Agusta, ana tsuga ruwa, ka tsaya a ƙarƙashin gadar ka ɗaga kai. Na yi haka a ƙarƙashin wata gada da ba ta shekara da fenti ba. A daidai inda falalen gadar biyu suka haɗu, ruwa ne ke zubowa kamar indararo, ya bi kan ginshiƙi ya gangaro, ya bar baƙin layi mai gansakuka tun daga sama har ƙasa. Na sa farce a jikin fentin, ya ɓantalo kamar ɓawon albasa, bayansa jiƙe sharkaf. Laifin ba na mai fenti ba ne. Kowace doguwar gada ana bar mata 'yar tazara a mahaɗa, domin kankare na miƙewa da zafin rana ya tsuke da sanyi, sai a toshe tazarar da roba ko ƙarfe. Idan robar ta yage, ko yashi da leda suka toshe bututun da ke sauke ruwa, ruwan sai ya nemi hanyarsa. Shi ne ke cinye fenti, daga baya ya kai ga rodi. Rodi idan ya yi tsatsa yana kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki.

Don haka injiniya zai duba tsaga, ya duba matashin roba da bim (dogon dirkar da ke kwance tana ɗauke da titin gadar) ke zaune a kai a saman kowane ginshiƙi, ya duba magudanar ruwa. Sai an gyara waɗannan sannan a yi maganar launi. Akwai ma kwalliyar da zai hana, kuma ku saurare shi. Ba a huda bim don rataya allo ko tukunyar fure, saboda a cikin bim ɗin gadoji da yawa akwai igiyoyin ƙarfe da aka ja tamau, su ne ke ɗauke da nauyin. Ba a kuma lulluɓe ginshiƙi da tayil ko falankin alminiyom ta yadda mai duba gada ba zai ga fuskar kankaren ba. Tsagar da aka ɓoye ba ta daina girma. Fentin ma nasa daban ne: wanda aka yi don kankaren waje, mai hana ruwa shiga amma yana barin danshin ciki ya fita. Fentin ɗaki ko na mai, kuɗinku ne kawai zai tafi.

Sai mutanen da ke ƙarƙashin gadar. Mai tsara birni na kirki yakan kwashe kwanaki yana zuwa wurin da asuba, da azahar, da bayan isha, yana rubuta abin da ya gani. Mai shayi a ina yake kafa teburinsa? 'Yan adaidaita sahu ina suke sauke fasinja? Ta ina 'yan makaranta ke tsallakawa? Inuwa a Kano cikin watan Afrilu dukiya ce, babu shingen da zai hana mutane neman ta. Na sha ganin an kewaye ƙarƙashin gada da waya an shuka ciyawa, ba a yi wata uku ba an yanke wayar daidai inda mutane suka saba bi. Gara a bi sawun da ƙafa ta riga ta fitar a shimfiɗa masa intalok. Batun fitsari kuwa, rubuta gargaɗi a bango bai taɓa magance shi ba. Banɗakin haya mai ruwa da mai kula, tare da haske da dare, su ne magani.

Amma akwai iyaka ga abin da za a bari a ƙarƙashin gada, kuma a kan wannan ba na sassautawa. A watan Maris na 2022 gobara ta tashi a kasuwar da ke ƙarƙashin gadar Apongbon a Legas, ta gasa ginshiƙai, aka rufe gadar fiye da shekara guda, mutanen Ikko suka sha wahalar cunkoso. A Atlanta ta Amurka, a watan Maris na 2017, tarin bututan roba da aka ajiye a ƙarƙashin babbar hanya ne ya kama da wuta har wani sashe na gadar ya rufto. Saboda haka masu sayar da fetur a jarka, tarin tayoyi, katako, katifa da tukwanen gas ba su da wuri a nan. Benci, wurin jiran mota, wurin ajiye babura da 'yan tebura marasa wuta, waɗannan ba laifi.

Maganar shuka ita ce inda ake yawan kwaikwayon da bai dace da mu ba. Birnin Meziko ya lulluɓe ginshiƙan babbar hanyarsa da ganye tun daga 2016, amma a kan firam ɗin ƙarfe da aka tsayar a gefen ginshiƙin, da bututun ban-ruwa da ma'aikatan da ke kula. Mu kuwa ruwan samanmu na wata huɗu ne zuwa biyar, sai hunturu ya zo da ƙurarsa, sai bazara. Tambayar da nake fara yi wa duk mai zanen lambu ita ce: a watan Maris wa zai ba da ruwa, daga wace rijiya? In babu amsa, a cire koriyar ciyawa daga zanen. Ƙarƙashin gadar kansa ba ya samun rana sosai, ba ya samun ruwan sama, don haka tsakuwa ko intalok ya fi masa. Shuka a gefe take, inda rana ke kaiwa, kuma a zaɓi masu jure fari: kariya mai jan fure, lalle a matsayin shinge, jema a kan gangaren ƙasa don saiwarta na riƙe ƙasa. Darbejiya tana da inuwa, amma a nisanta ta da ginshiƙi da kwalbati saboda saiwarta. A bakin mahaɗar titi kuma duk abin da aka shuka kada ya yi tsawon da zai tare wa direba gani.

Zane fa? Ina da ra'ayi a nan. Garin da ke da Gidan Makama da Gidan Rumfa da marinar Ƙofar Mata bai kamata ya rasa abin da zai sa a jikin gadarsa ba. Dagi, zankwaye, zayyanar da magina ke yi a fuskar soro, shuɗin baba da jan ƙasa, duk namu ne, kuma launin ƙasa ya fi fari jure ƙurar hunturu. Legas ta zana fuskokin mata a ginshiƙan gadar Falomo a 2017, lokacin bikin cikar jihar shekara 50, ya kuma dace da can. A Kano siffofin zayyana sun fi samun karɓuwa. Launin jam'iyya da hoton mai mulki kuwa a guje su, domin ranar da gwamnati ta sauya kwalliyar ta zama abin gogewa. A kuma nuna wa jama'a zanen kafin a fara. Shataletalen gidan gwamnati da aka ƙawata don cikar jihar Kano shekara 50 a 2017, an rushe shi a watan Yuni na 2023. Ko wane ɓangare mutum yake a muhawarar da ta biyo bayan rushewar, kuɗin jama'a ne ya bi ƙasa.

A ɓangaren gwamnati, bayan zane sai takardar lissafin kayan aiki, a sa a kasafin kuɗi, a tallata kwangila, a ba wanda ya cancanta. Akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi kashi 5 cikin 100, har sai wa'adin gyaran kurakurai ya cika. Inda ake faɗuwa shi ne kasafin yakan ƙare a ranar yanke kyalle. Babu kuɗin mai ban-ruwa, babu na mai shara, babu na canza batirin fitilun sola, waɗanda ke mutuwa bayan 'yan shekaru ko a sace su in an sa akwatin a inda hannu ke kaiwa. Wasu birane kan ba banki ko kamfani riƙon wuri na shekara biyu ko uku, ya kula da shi a ba shi ɗan allon suna. Tsari ne mai kyau muddin an rubuta girman allon, don kada gadar ta koma allon talla.

Ku kuma, Malam, ga abin da ƙarfinku zai kai. Bayan izini, ku raba kuɗin da kuka tara gida biyu, rabi na aiki, rabi na kula har shekara biyu. Ku fara da kwashe shara da neman a yashe bututun ruwa. Ku sa fitila. Ku kafa allo guda na manna fosta a gefe, ku sanar da ofisoshin 'yan takara na unguwa cewa nan ne wurinta. Ku ɗauki mutum ɗaya daga cikin masu zama a wurin, mai shayi ko shugaban 'yan adaidaita, ku ba shi alawus na wata don ya sa ido. Sannan ku yi fentin ginshiƙi biyu kacal bayan ɗaukewar ruwa a watan Oktoba, ku bar su su sha hunturu da damina guda. In sun fito lafiya, sai ku ci gaba da sauran.