Tambaya da Amsa: Na Yi Karatun Nas a Damagaram, Aure Ya Kawo Ni Zariya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Mama, barka da ƙoƙari. Ni 'yar Damagaram ce, shekarata 27. Na yi karatun jinya shekara uku a makarantar kiwon lafiya ta gwamnati a garinmu, na samu diploma ta ƙasa, na kuma yi aiki shekara huɗu a likita, wato asibiti, biyu a ɗakin yara, biyu a ɗakin haihuwa. Bara aure ya kawo ni Zariya, muna zaune a Tudun Wada, maigidana yana sayar da yadi a kasuwar Sabon Gari. Zaman gida ya ishe ni. Wani mai asibitin kuɗi a kusa da mu ya ce in zo in fara aiki, wai ba sai da takardar Najeriya ba tunda na iya sa ruwa da karɓar haihuwa, zai riƙa ba ni wani abu duk wata. Maigidana ya ce in tambayi masu sani tukuna. Takarduna duk da Faransanci suke, Turancina kuma bai wuce na gaisuwa ba. Mama, in karɓi aikin nan? In kuma a'a, ta ina zan fara?

Daga wata 'yarki a Tudun Wada, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da zuwa Zazzau, Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Ki gaida maigidan naki, ki ce masa ya yi miki gata da ya ce a tambaya.

Kada ki karɓi aikin nan. Na san da wuya, na san yadda hannun da ya saba da aiki yake ji idan aka ajiye shi, amma kada ki sa fararen kaya ki taɓa majiyyaci a ƙasar nan sai lasisinki yana cikin jakarki. Bari in gaya miki abin da na gani da idona.

Lokacin ina sista mai kula da ɗakin mata, wani dare aka shigo mana da wata mata daga wani ƙaramin asibitin kuɗi, fuska ta kumbura, numfashi sama-sama, bayan an yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta. Yarinyar da ta yi allurar ita ta rako ta a bayan mota, tana riƙe da ledar ruwa sama da hannu ɗaya, jikinta na ɓari. Ta yi karatu na gaske a wata ƙasa maƙwabciyarmu, kuma ta iya aiki, domin kafin su taso ta riga ta ba da adirenalin a cinya, abin da ya zama sanadin tashin matar ke nan. Kuskurenta ɗaya, ba ta tambayi matar ko maganin ya taɓa yi mata illa ba. Da dangi suka kai ƙara, mai asibitin ya rantse shi shara da gyaran gado ya ɗauke ta, bai san wanda ya ba ta sirinji ba. Ba sunanta a rajistar kowa, ba ƙungiyar da za ta tsaya mata. Ta kwana a wurin 'yan sanda, mai asibitin kuwa ya kwana a gidansa. Har yau idan na tuna yadda take kallon takalmanta a bakin ƙofar ɗakinmu sai raina ya ɓaci. Wanda ya ce miki "ba sai da takarda ba" ya san rashin takardar ne zai sa ya biya ki kaɗan, kuma ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ke za a nuna. Doka ma ta haramta yin aikin jinya ba tare da rajista ba, komai ƙwarewar mutum.

To, ga hanyar. Ƙofa ɗaya ce a duk Najeriya: Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, NMCN, wadda mu 'yan aiki muke ce wa Kansul kawai. An kafa ta a 1979, hedikwatarta tana Abuja. Ba gwamnatin jiha ke ba da lasisi ba, ba asibitin koyarwa ba, ba ƙungiyar nas-nas ba. Abin da Kansul ke son ta tabbatar game da wadda ta yi karatu a waje shi ne: makarantar ta gaskiya ce, darussan da aka koya mata sun yi daidai da namu, kuma ƙasar da ta horar da ita ta yarda ta yi aiki. Saboda haka tun yau ki fara tattara diplomarki ta asali, takardar da ke lissafa darussan da kika yi da awowin da kika shafe a ɗakunan majiyyata, shaidar izinin aikinki ta Nijar, takardar haihuwa, takardar aure, da sakamakonki na sakandare. Takardar lissafin darussan nan ita ke cin lokaci, domin an fi amincewa da wadda makaranta ta aiko da kanta a rufe. Ki samu wani ɗan'uwa mai haƙuri a Damagaram wanda zai riƙa lekawa ofishin makarantar, don waya kaɗai ba ta tayar da fayil daga inda ya kwanta.

Duk takardun sai an juya su zuwa Turanci. Muna da sashen Faransanci a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, amma kafin ki biya kowa kuɗin fassara, ki fara jin irin fassarar da hatimin da Kansul ke karɓa, kada ki biya sau biyu. Akwai kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ita ke auna takardun karatun waje ta faɗi matsayinsu a ma'aunin Najeriya. A nan ake shiga makarantar jinya da kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Idan aka auna naki aka ce da saura, kada ki ɗauka raini ne. Ki yi rajistar jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ki cike gurbin, karatun ma zai gyara miki Turanci.

Abu biyu zan ja kunnenki a kai. Na farko, ki duba rubutun sunanki. Ku can kuna rubuta Aïchatou da Mahamadou, mu nan Aishatu da Muhammadu, ga kuma sunan miji da wasu ke ƙarawa bayan aure. Na ga fayil ya yi watanni a ajiye saboda harafi biyu. Ki zaɓi rubutun da ke kan diplomarki ki tsaya a kansa, inda aka samu saɓani ki je kotu ki yi takardar rantsuwa. Na biyu, kuɗin hukumar tarayya ta Remita ake biyansa, wato hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet ko banki, a ba ki rasidi. Duk wanda ya tare ki ya ce yana da hanya a ciki, ki tura masa ta asusunsa, ki ce masa kin gode.

Idan takardu suka wuce, Kansul za ta tura ki wata makarantar da ta ware, ki yi wasu watanni na sabawa da tsarin aikinmu, aji da ɗakin majiyyata, sannan ki zauna jarrabawar da ɗalibanmu na gida suke zaunawa. Ta babban aikin jinya a watan Mayu da Nuwamba ake yin ta. Akwai ɓangaren kwamfuta, tambaya da zaɓin amsa, akwai kuma na aiki da hannu da yara ke kira oski: tebur-tebur ne a jere, kowanne da aikinsa, a kaɗa ƙararrawa ki matsa gaba, mai dubawa yana tsaye da takardarsa yana lura ko kin wanke hannu, ko kin gaida majiyyaci kin nemi izininsa, ko kin ja labule. Ba lallai a tura ki makarantar da ke Zariya ba, don haka ku zauna da maigida tun yanzu ku yi maganar inda za ki sauka da wanda zai riƙe gida.

Ni dai abin da nake ji miki ba hannu ba ne, shekara huɗu a ɗakin yara da ɗakin haihuwa ba wasa ba ce. Harshe nake ji miki, kuma ba Turancin hira ba, Turancin fayil. Na taɓa aiki da wata 'yar Kamaru, makonta na farko ta auna jinin wata mai jego ta rubuta 9/6 a jikin takarda. Ƙaramin likitan da ke kwana ya tsaya yana jujjuya takardar bai gane ba, alhali matar jininta ya faɗi zuwa 90/60, tana zubar da jini a ɓoye ƙarƙashin zani. Ita ba ta yi kuskure ba, haka aka koya mata, kamar yadda ku ma kuke cewa 12/8 inda mu muke rubuta 120/80. Haka sukarin jini: ku da giram a lita kuke lissafi, mu da milimol a lita ko miligiram a desilita. Giram 1 a lita naku shi ne miligiram 100 a desilita namu, ko kusan milimol 5.5 a lita. Idan kika ga 3 a na'urarmu kika karanta shi da idon Damagaram, za ki ɗauka sukari ya hau sama, alhali mutumin yana dab da sumewa don ƙarancinsa. Ga kuma gajerun rubutun likitocinmu: bd sau biyu a rana, tds sau uku, qds sau huɗu, nocte da dare, stat yanzu-yanzu, prn in buƙata ta taso. Doliprane ɗin da kika sani shi ne Panadol ɗinmu, dukkansu farasitamol. Ki sayi ƙaramin littafi, ki raba shafi biyu, hagu yadda kika sani, dama yadda muke yi. Ki nemi wata ɗalibar makarantar jinya ta asibitin koyarwa, ga su nan kusa da ke a Tudun Wada, ku riƙa bin tsofaffin tambayoyin Kansul tare bayan la'asar. Ke ki koya mata gano jijiyar jariri, ita ta koya miki karanta tambaya.

Ki sani kuma, a nan jinya daban, ungozoma daban, kowacce da rajistarta da jarrabawarta. Shekara biyun da kika yi kina karɓar haihuwa ba za su sa a rubuta ki ungozoma ba. Mu a zamaninmu wata 18 muka ƙara kafin mu samu wannan. Ki fara kama ta farkon.

Sai maganar zama ɗan ƙasa, wadda mutanenmu ke wasa da ita da cewa ai Nijar da Najeriya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. A zumunci haka ne, a ofis kuwa takarda ake nema, balle tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ki je ofishin shige da fice ki daidaita zamanki, ki yi lambar NIN. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ke auren ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake yi. Za a samu mai ba ki shawarar ki sayi takardar asalin ƙaramar hukuma ki ce a Zariya aka haife ki. Kada ki yarda. Diplomarki ta ce Damagaram, kuma ranar tantance ma'aikata komai daren daɗewa tana zuwa.

Aiki kuwa, in lasisi ya zo, ba na jin za ki daɗe a zaune. 'Yan'uwanmu da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, ɗakuna sun yi ƙarancin hannu. Akwai asibitin koyarwa a Shika na tarayya, akwai Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan na jiha, akwai na mishan a Wusasa, akwai ƙananan asibitocin unguwanni, sai dai na gwamnati sai sun buɗe ɗaukar ma'aikata, kuma za su nemi takardun ɗan ƙasa. Kafin nan ki fara da asibitin kuɗi mai rajista, wanda zai ba ki takardar ɗauka a rubuce da albashi a faɗe. Ki kuma sa ido kan ƙungiyoyin agaji irin su MSF da ke aiki a Katsina da Sakkwato, inda majiyyata ke tsallakowa daga Nijar. Nas mai Hausa da Faransanci da Turanci ba a samunta a kan hanya. Lasisin lokaci-lokaci ake sabunta shi, da shaidar halartar bitar ƙarin sani, ki rubuta ranar ƙarewarsa inda za ki riƙa gani. Idan kin haɗa takardun, ki sake rubuto mini ki gaya mini wacce ta maƙale.

TAMBAYA

Hajiya, ɗana ya gama digirin jinya a Masar, ya dawo wata uku ke nan. Shin bautar ƙasa zai fara tafiya, ko aiki zan nema masa?

Daga wani uba a Ƙofar Doka

AMSA

Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun. Ba ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Kasancewarsa ɗan ƙasa ya sauƙaƙa masa maganar shige da fice kawai, amma ta fuskar Kansul shi ma karatun waje ya yi, hanyar da na zayyana wa 'yata ta sama ita zai bi: Ma'aikatar Ilimi ta auna digirin, a fassara abin da ke da Larabci, ya yi watannin sabawa, ya ci jarrabawa. Bayan nan masu digiri suna yin shekara ɗaya ta gwajin aiki a asibitin da aka amince da shi, sannan bautar ƙasa idan bai haura shekara 30 ba lokacin da ya kammala. Ku adana tsohon fasfonsa mai ɗauke da biza da hatiman shiga da fita na duk shekarun karatun, ko da ya ƙare aiki, domin hukumar bautar ƙasa ta NYSC tana neman ganinsa a wurin waɗanda suka yi karatu a waje.