Amsa ga Dakta kan fosdok a fannin ƙwayoyin halitta na tushe

Wa alaikumus salam Dakta, Allah ya sanya albarka a digirin. Ka ce kana son fita waje fosdok, wato aikin bincike bayan digiri na uku, kan ƙwayoyin halitta na tushe, waɗanda ke iya rikiɗewa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki, amma a gida Ringim ana cewa karatu ya isa haka, ka kama koyarwa.

Ka zauna da su Baba ka yi musu bayani cewa fosdok aiki ne mai albashi, kwantiragin shekara 2 zuwa 3 a ƙarƙashin wani farfesa. Da sun ji haka, rabin maganar ta mutu.

Sai dai ka shirya, ƙwayoyin nan ba su san Juma'a ko Sallah ba. Suna zaune a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, kusan kullum sai an canza musu ruwan abinci. Inda na yi nawa, ranar Idi ma sai na leƙa su kafin in tafi masallaci. Wata safiya ka ɗauko faranti ka ga ruwan da ka bari ja-ja ya koma rawaya ya yi gurɓi, to ƙwayar cuta ta shiga, aikin watanni ya tafi shara. Shi ya sa halin ubangidanka ya fi sunan jami'ar muhimmanci. Ka nemi waɗanda suka bar ɗakin bincikensa ka tambaye su: yana barin yaransa su zama na farko a jerin marubutan maƙala?

Ni dai shawarata, ka riƙe bincike kan sikila. Tun da Yamanaka na Japan ya nuna a 2006 cewa ana iya mayar da ƙwayar fata ta koma ta tushe, yawancin irin waɗannan ƙwayoyi da ke ajiye a duniya daga jikin Turawa aka samo su, alhali masu ciwon suna nan ƙauyukanmu. An yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Maganin sikila na gyaran ƙwayar gado, Casgevy, da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, ya haura dala miliyan 2. Wa zai biya wannan a Gumel ko Babura? Wanda ya san ciwon ya kuma ƙware a aikin, ana nemansa.

Batun kuɗi, duba tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt a Jamus, don 'yan ƙasashe masu tasowa aka ware shi. In kana koyarwa a jami'ar gwamnati, ka tuntuɓi ofishin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na makarantarku.

Dawowa gida kuwa, wuta ce babbar matsala. In babu sola da batura masu ƙarfi da hanyar samun ruwan nitirojin na daskarewa, kada ma ka fara rainon ƙwayoyin. Ka koyi nazarin bayanai a kwamfuta tun kana can, shi ko a ɗakinka ka yi. Ka kuma tuntuɓi cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, suna aikin ƙwayoyin tushe a Arewa.

Turo min takardar neman aikin ta akwatin saƙo in duba maka kafin ka aika.