Littafin yini da babban littafi

Ɗana, jiya muna rufe kanti ka tambaye ni me ya sa nake sa ka rubuta ciniki a ƙaramin littafi, wato littafin yini, da dare kuma ka sake kwashe shi zuwa babba. Ka ce wahala biyu ce a kan abu ɗaya. Na ga ka gaji, shi ya sa na bari sai yau.

Tsarin nan ya girme ni, ya girmi wanda ya koya mini. Tun 1494 Luca Pacioli, wani masanin lissafi ɗan Italiya, ya bayyana shi a littafin da aka buga a birnin Venis. Amma inda na fi ganin amfaninsa ƙarara shi ne littattafan kantunan ƙauyukan Amurka na farkon shekarun 1800, waɗanda har yanzu suna nan a ɗakunan adana tarihi.

Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a ƙauye a lokacin. Manomi zai shigo ya ɗauki gishiri, ƙusa, yadi da ganyen shayi, ya fita bai ajiye ko kwabo ba. Nan take mai kanti zai rubuta a littafin yini: kwanan wata, suna, kaya, farashi, sau da yawa har da wanda aka aiko, ɗa ne ko matar gida. Kada ka raina wannan. Ranar da mutum ya ce shi bai taɓa karɓar kayan ba, sunan ɗan aiken ne zai raba gardama.

A babban littafi kuwa kowa da shafinsa. Hagu abin da ake bin sa, dama abin da ya biya. Ka dubi daman nan da kyau: ƙwai, man shanu, lodin itace, kwana biyu na yankan ciyawa a gonar mai kanti. Kowanne an yi masa kuɗi an rubuta, alhali kuɗi bai fita daga hannu ya shiga hannu ba. Sai bayan girbi, wani lokaci sai an shekara, su zauna su tara hagu su tara dama, a ja layi, su biyun su sa hannu. Ta yaya za ka tattaro bashin shekara guda daga littafin yini, inda sunan mutum yake warwatse a shafi ɗari?

Ga wani abin da ke rikita mai karanta tsofaffin littattafan nan. An kafa dalar Amurka a 1792, amma masu kanti da yawa sun ci gaba da lissafi da fam da sule da kwabo shekaru masu yawa bayan haka. Sulen ma ba ɗaya ba ne: a jihar Massachusetts sule 6 ne dala, a jihar New York sule 8.

To me ya hana a riƙe babban kaɗai? Shi kwafi ne, ana iya kuskure wajen kwashewa. Littafin yini ne shaida, domin an rubuta shi mai saye yana tsaye. Kotunan Amurka na wancan lokacin ma littafin da aka fara rubuta cinikin a ciki suke nema idan rigimar bashi ta zo gabansu.

Saboda haka idan ka yi kuskure kada ka kankare, ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa. Duk abin da ka kwashe zuwa babban littafi, rubuta lambar shafinsa a gefe. Na duba na daren jiya, layi uku ba ka sa musu lamba ba. Fara da su kafin mu buɗe.